Jami'ar da Aka Gina da Kalmomi: Yadda Duniyoyin Rubutu na Intanet Suka Zama Azuzuwan Koyon Harshe

A watan Yulin 1994 aka buɗe wata jami'a a birnin New York na ƙasar Amurka wadda ba a aza mata tubali ko ɗaya ba. Tana da ƙofar shiga, da laburare, da azuzuwa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma duk wanda ya bi titunan birnin yana nemanta ba zai same ta ba, domin gaba ɗayanta rubutu ce da ke ajiye a cikin kwamfuta. Sunanta schMOOze University, kuma Julie Falsetti da Eric Schweitzer na Kwalejin Hunter ne suka kafa ta domin masu koyon Ingilishi daga ko'ina a duniya su sami wurin haɗuwa su zanta da juna. Babu hoto a cikinta, babu murya. Ɗalibi yana zaune gaban allonsa a Japan ko Brazil zai karanta bayanin ɗakin da ya shiga, ya ga sunayen mutanen da ya tarar, ya rubuta gaisuwa, su kuma su amsa masa nan take.

Matsalar da wannan jami'a ta zo magancewa tsohuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa zama ajin koyon wani harshe ya san ta. Mutum kan shafe shekaru yana haddar ƙa'idojin nahawu, ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, amma ranar da ya tsaya gaban mai harshen domin cinikin kaya ko tattauna wata yarjejeniya sai baki ya yi masa nauyi. Lissafin ba shi da wuya: a aji mai ɗalibai 40 da darasi na minti 40, ko da malamin bai ce uffan ba, rabon kowane ɗalibi na magana minti ɗaya ne tak. Harshe kuwa ba ya zama a baki sai da yawan amfani. Kowa ya yarda cewa zama a ƙasar masu harshen shi ne magani mafi inganci, sai dai ba kowa ke da kuɗin jirgi da biza ba.

Duniyoyin rubutu sun yi ƙoƙarin samar da wani abu tsakanin aji da bulaguro, wato wurin da mutum ba zai iya buɗe ƙofa ko gina ɗaki ko ƙulla abota ba sai da kalmomin harshen da yake koyo. Yawancinsu sun riga sun dusashe, amma abin da malamai suka gano a cikinsu yana da amfani ga duk wanda ke biyan kuɗin darasin harshe a yau, na kansa ko na 'ya'yansa.

Daga wasa zuwa aji

Ba domin karatu aka ƙirƙiro waɗannan duniyoyi ba, domin wasa aka yi su. A tsakiyar shekarun 1970 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Will Crowther, ya rubuta wani wasa mai suna Colossal Cave Adventure, inda kwamfuta ke bayyana wa mai wasa wani kogo da kalmomi, shi kuma yana rubuta mata abin da yake son yi, kamar ya nufi arewa ko ya ɗauki fitila. Mutum ɗaya ne kaɗai ke yin wasan a lokaci guda. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta irinsa wanda mutane da yawa za su shiga tare, su haɗu a ɗaki ɗaya su yi magana. Abokin karatunsa Richard Bartle ne ya karɓi aikin ya faɗaɗa shi. Sunan wasan MUD, kuma wannan suna ne ya bi duk ire-irensa da suka biyo baya.

Wasannin farko na yaƙi da dodanni ne da neman dukiya. A 1989 James Aspnes, ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ya fito da TinyMUD, wanda ya ajiye yaƙi gefe ya ba kowane mai shiga damar gina ɗakinsa da hira da maƙwabtansa. A 1990 Stephen White ya rubuta wani sabon tsari da aka kira MOO, inda kowane abu, daga ɗaki zuwa kujera zuwa mutumin da ke zaune a kanta, abu ne da za a iya ƙirƙira, a siffanta, a kuma koya masa yadda zai amsa umarni. Pavel Curtis na cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke California ya inganta tsarin, ya buɗe LambdaMOO a ƙarshen wannan shekara. Ya tsara ta da siffar wani gida, kuma baƙo kan fara samun kansa a cikin ɗan lungun rataye riguna kafin ya fito falo ya tarar da jama'a.

Malaman jami'a ba su ɗauki lokaci ba suka ga abin da ke ciki. A 1993 Amy Bruckman ta buɗe MediaMOO a cibiyar MIT domin masu binciken kafofin watsa labarai, a shekarar ne kuma Jeanne McWhorter ta kafa Diversity University domin gudanar da darussa. Malaman harsuna suka bi sahu. Bayan schMOOze, wadda aka samo sunanta daga wata kalma mai asali da harshen Yiddish da ke nufin hira, an sami MundoHispano da Lonnie Turbee ta jagoranta a Jami'ar Syracuse domin masu koyon Sifaniyanci, inda 'yan asalin ƙasashen da ke magana da harshen suka riƙa gina ɗakuna masu siffar garuruwansu. An kuma buɗe wasu domin Faransanci da Jamusanci.

Yadda ake zama a ciki

Duniyar tana zaune ne a kan babbar kwamfuta guda, masu shiga kuma suna haɗuwa da ita ta wata hanya mai sauƙi da ake kira telnet, wadda haruffa kawai take ɗauka. Sabon ɗalibi yakan shiga a matsayin baƙo, daga baya ya nemi suna na dindindin da kalmar sirri. Da zarar ya shiga, allo zai nuna masa sunan wurin da yake, da bayaninsa cikin jimloli kaɗan, da hanyoyin fita, da mutanen da ke nan.

Komai da umarni ake yin sa. Idan ya rubuta kalmar "look" sai a sake bayyana masa ɗakin, idan ya haɗa ta da sunan wani mutum sai a nuna masa bayanin da mutumin ya rubuta game da kansa. Idan ya rubuta "say" ya bi ta da magana, duk wanda ke ɗakin zai ga an rubuta cewa wane ya ce kaza. Akwai umarnin raɗa, wanda mutum ɗaya kaɗai zai gani, da na aika saƙo ga wanda ke wani ɗaki daban. Akwai kuma na nuna aiki, inda mutum zai rubuta cewa ya yi murmushi ko ya miƙa wa wani kofin shayi. Da "@dig" ake haƙa sabon ɗaki, da "@describe" ake siffanta shi. Wanda ya ƙware yana iya ƙirƙirar allo na rubutu, ko na'urar ɗaukar hira, ko wani mutum-mutumi da ke amsa tambayoyi masu sauƙi. A schMOOze an tanadi ƙamus da wasannin kalmomi, kuma ɗalibi na iya mallakar ɗakinsa ya ƙawata shi yadda ya so.

A nan ne duniyar rubutu ta bambanta da dandalin hira na yau da kullum. A dandalin hira, magana ce kawai ke wucewa ta ɓace. A MOO akwai wuri, kuma wurin yana nan ko mai shi ya kashe kwamfutarsa ya tafi barci. Ɗakin da ɗaliba ta gina da daddare a Koriya, wani zai shige shi da safe daga Mexico, ya karanta abin da ta rubuta, ya bar mata wasiƙa a kan tebur.

Abin da ya ja hankalin malaman harshe

A shekarun 1980 masu nazarin koyon harshe na biyu sun mai da hankali kan mu'amala. Michael Long ya nuna muhimmancin lokacin da magana ta cije tsakanin mutum biyu, ɗaya ya ce bai gane ba, ɗayan ya sake faɗa da wasu kalmomi har a fahimci juna, domin a wannan ja-in-ja ne ɗalibi ke samun abin da ya dace da matakinsa. Merrill Swain, wadda ta yi nazarin yaran Kanada masu karatu da Faransanci, ta nuna a 1985 cewa sauraro da karatu kaɗai ba su wadatar ba, dole sai an matsa wa ɗalibi ya samar da magana da kansa kafin ya gane inda iliminsa ya gaza. Richard Schmidt kuma ya yi bayani a 1990 cewa mai koyo ba ya riƙe wata siga ta harshe sai ya lura da ita. Duniyar rubutu ta haɗa waɗannan abubuwa uku a wuri guda.

Na farko, hira ce ta gaske amma mai tafiya a hankali. Maganar baki iska ce, kafin ɗalibi ya kama kalmar farko ta biyar ta wuce. A rubuce kuwa jimlar tana tsaye a kan allo, yana iya sake karanta ta, ya duba ƙamus, ya gyara amsarsa kafin ya aika. Duk da haka akwai mutum a ɗaya gefen yana jira, don haka ba zai kwana yana tunani ba kamar mai rubuta insha'i.

Na biyu, kowa na iya magana a lokaci guda. Richard Kern ya gwada ɗaliban Faransanci a Jami'ar California da ke Berkeley, ya wallafa sakamakon a 1995, inda ya nuna cewa sun fi yawan tofa albarkacin bakinsu a tattaunawar rubutu ta kwamfuta fiye da ta baki a aji. Mark Warschauer ya wallafa wani nazari a 1996 kan masu koyon Ingilishi a Hawaii, wanda ya nuna cewa rabon magana ya fi daidaita tsakanin ɗalibai idan ana rubutawa. Waɗannan gwaje-gwaje biyu da manhajar hira ta cikin aji aka yi su, amma dalilin ɗaya ne da wanda ke aiki a MOO: mai kunya ba ya buƙatar ɗaga hannu, kuma mai surutu ba ya iya danne muryar kowa.

Na uku, sunan aro yana rage tsoron kuskure. Babban mutum mai muƙami yakan ji nauyin ya yi kwaɓa a gaban na ƙasa da shi, shi ya sa manya da yawa ke yin gum a ajin harshe. A duniyar rubutu babu wanda ke ganin furfurarsa ko jin yadda harshensa ke karyewa. Sherry Turkle ta yi dogon nazari kan yadda mutane ke gwada sababbin halaye a ƙarƙashin sunayen aro a littafinta Life on the Screen na 1995, malaman harshe kuma suka ga cewa wannan 'yanci yana sakin bakin ɗalibi.

Na huɗu shi ne gini, kuma shi ne abin da babu shi a sauran hanyoyin. Wanda zai siffanta ɗakinsa dole ya nemo sifofi da kalmomin wuri, ya san yadda ake cewa taga tana hagu, tabarma tana ƙarƙashin tebur. Idan ya rubuta ba daidai ba, baƙonsa zai rikice ya tambaye shi abin da yake nufi. Hatta umarnin nuna aiki darasin nahawu ne a ɓoye: tun da kwamfuta sunan mutum take sakawa a farkon jimlar, mai koyon Ingilishi dole ya rubuta aikatau da sigar mutum na uku, ya ƙara masa harafin "s" a ƙarshe, ƙa'idar da ɗalibai suka fi mantawa da ita a magana. A aji ana koyon ƙa'ida domin jarrabawa, a nan kuwa ana buƙatarta domin a yi wa aboki murmushi.

Na biyar, ana iya adana hirar baki ɗaya. Bayan an tashi, malami zai buga ta a takarda, ɗalibi ya zauna ya ga kurakuransa da idonsa, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da abokin hirarsa ya yi amfani da su waɗanda bai sani ba. Hirar jiya ta zama littafin karatun yau, kuma littafi ne da ya dace da shi domin shi ya rubuta rabinsa.

Cuɗe ni in cuɗe ka

Gwajin da ya fi fito da waɗannan abubuwa fili shi ne wanda aka yi tsakanin Kwalejin Vassar ta jihar New York da Jami'ar Münster ta Jamus. Malaman Jamusanci biyu na Vassar, Silke von der Emde da Jeffrey Schneider, sun gina wata duniya mai suna MOOssiggang, suna wasa da kalmar Jamusanci da ke nufin zaman hutu. A 1998 suka haɗa ɗalibansu masu koyon Jamusanci da ɗaliban Münster masu koyon Ingilishi. An rarraba su ƙananan rukunoni, suna haɗuwa a lokacin da aka ƙayyade, kowane rukuni da aikin da zai kammala ya gabatar wa sauran.

Tsarin da suka bi ana kiran sa tandem, sunan keken da mutum biyu ke tuƙawa tare. Helmut Brammerts na Jami'ar Ruhr da ke Bochum ne ya jagoranci yaɗa shi ta wasiƙun imel a farkon shekarun 1990. Ƙa'idojinsa biyu ne. Ta farko ita ce ramuwa: kowa malami ne a harshensa, ɗalibi a harshen abokinsa, kuma a raba lokaci daidai tsakanin harsunan biyu. Ta biyu ita ce cin gashin kai: kowa shi ke da alhakin sanin abin da yake son koya da irin gyaran da yake so a yi masa.

Markus Kötter, wanda ya kula da ɓangaren Münster, ya bi rubutattun hirarrakin ɗaliban ya wallafa nazarinsa a 2003 a mujallar Language Learning & Technology. Ya nuna yadda suke warware rashin fahimta: suna tambayar juna ma'ana kai tsaye, suna sake faɗar abu da wasu kalmomi, suna fassara wa juna, suna kuma tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan idan hanya ta toshe. Tun kafin nan, a 2001, su ukun sun wallafa maƙala a mujallar The Modern Language Journal inda suka bayyana cewa ɗalibai sun zama masu koyar da juna, cewa wasa da gwaji sun shiga cikin karatu, kuma ɗalibai sun fara nazarin al'adun juna da kansu a maimakon jiran abin da littafi zai gaya musu.

Abin lura a wannan gwaji shi ne malaman ba su buɗe ƙofa kawai suka ce a je a yi hira ba. Sun zaɓi abokan hulɗa, sun sa lokaci, sun ba da aiki mai wa'adi, sun kuma dawo da hirar cikin aji domin nazari. Kwamfuta wuri ta samar, tsarin malamai ne ya mai da wurin makaranta.

Inda gizo ke saƙa

Duniyar rubutu ba ta koyar da kunne, ba ta koyar da furuci. Mutum na iya shekara yana hira a rubuce cikin ƙwarewa, ranar da aka yi masa magana da baki ya kasa ganewa. Matsalar ta fi tsanani a harsunan da rubutunsu ke ɓoye wani ɓangare na sauti. Mai koyon Hausa da bai taɓa jin ta ba zai ga "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya a kan allo, alhali kunnen Bahaushe ba ya haɗa su. Saboda haka malaman da suka yi amfani da MOO da hankali sun ɗauke ta a matsayin ƙari ga darasin baki.

Akwai kuma matsalar haruffa. Tsohon tsarin ASCII da hanyoyin farko suka dogara da shi alamomi 128 kawai yake da su, kuma domin Ingilishi aka tsara shi. Masu rubuta Jamusanci sai su rubuta "ue" a madadin harafin "u" mai ɗigo biyu, masu Sifaniyanci da Faransanci su yar da alamomin da ke kan wasulansu. Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa a wayar da ba ta da ƙ da ɗ da ɓ ya san irin wannan ciwo. Ga mai harshen abin da sauƙi, domin ya san abin da aka bari, amma ga mai koyo rubutun da ba daidai ba ne ke shiga idonsa kullum. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ne ya magance wannan daga baya.

Saurin hannu ma wani shinge ne. Wanda bai iya buga rubutu da sauri ba, kafin ya gama jimlarsa hira ta yi gaba. Idan mutum goma suka taru a ɗaki ɗaya, zantuka uku ko huɗu kan sarƙe da juna a kan allo, sabon shiga ya rasa wa ke amsa wa wa. Umarnan kansu sai an koye su, kuma asalinsu da Ingilishi suke, don haka mai koyon wani harshe dabam sai ya ɗauki kaya biyu.

Tsarin ramuwa shi ma ba kullum yake tafiya daidai ba. Masu bincike a Kwalejin Trinity ta Dublin, waɗanda suka haɗa ɗalibansu na Ireland da na Jamus a cikin MOO, sun lura cewa idan Ingilishin Jamusawan ya fi Jamusancin abokansu ƙarfi, hira kan zame ta koma Ingilishi, domin ruwa gangare yake bi. Wanda ya fi buƙatar atisaye shi ne ke ƙarewa da ƙarancinsa, sai dai idan malami ya sa ido.

Sannan akwai batun tarbiyya. Sunan aron da ke sakin bakin mai kunya shi ne ke sakin na mara kunya. A 1993 wani mai shiga LambdaMOO ya yi amfani da wani abu da ya ƙirƙira ya jingina wa wasu mutane ayyukan batsa da ba su rubuta ba. Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar The Village Voice a ƙarshen shekarar. An share sunan mai laifin, daga baya kuma aka kafa tsarin koke da ƙuri'a domin mazauna su riƙa yanke hukunci kan al'amuransu. Malamai sun ɗauki darasi: duniyar da za a kai ɗalibai tana buƙatar masu kula, da dokoki a rubuce, da sanin ko wane ne ke bayan kowane suna.

Dalilin dusashewarsu

A daidai lokacin da duniyoyin rubutu ke bunƙasa, shafukan intanet masu hotuna suka fara yaɗuwa bayan fitowar manhajar Mosaic a 1993. Ɗalibin da ya saba da danna hoto sai ya ga allo mai haruffa zalla kamar kayan tarihi. Cynthia Haynes da Jan Rune Holmevik, waɗanda suka kafa LinguaMOO a Jami'ar Texas da ke Dallas a 1995, sun yi ƙoƙarin haɗa biyun da manhajarsu ta enCore, wadda ta raba allo gida biyu, hira a gefe ɗaya, hotuna da maɓallan dannawa a ɗaya gefen. Wannan ya ƙara wa tsarin kwana, amma bai hana jama'a ƙaura ba. A 2003 Skype ya kawo kiran murya kyauta, a shekarar ce kuma kamfanin Linden Lab ya buɗe Second Life, duniya mai hotuna inda mutum ke ganin surarsa tana tafiya. Facebook ya biyo baya a 2004.

Makarantu da cibiyoyin harshe da dama, har da British Council, sun buɗe wurare a Second Life. Sai dai sabon gidan ya zo da nasa kuɗin haya. Yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri, ga kuɗin fili da ake biyan kamfanin, kuma a 2010 kamfanin ya sanar da janye rangwamen da yake yi wa makarantu. Akwai kuma hasarar da ba ta kuɗi ba. Da zarar ido ya ga ɗakin, babu sauran buƙatar karanta bayaninsa, kuma wanda zai gina shi ƙwarewar zane yake buƙata fiye da ƙwarewar harshe. Abin da ake ɗauka rauni ne a duniyar rubutu, wato rashin hoto, shi ne ke tilasta wa ɗalibi aiki da kalmomi.

Abin da ya rage ga mai koyo a yau

Rubutu har yanzu shi ne mafi arha a duk abin da ke bin waya. Shafi guda na rubutu bai wuce kilobait biyu zuwa uku ba, alhali hoto ɗaya na wayar zamani kan kai megabait biyu ko uku, wato kusan ninki dubu. MOO ta yi aiki a kan layukan tarho na shekarun 1990, don haka irin wannan hira ba za ta gagari wurin da sabis ke da rauni ba, kuma ba za ta cinye datar ɗalibi ba. Wannan ya shafi ɗan kasuwar da ke hulɗa da Kwatano ko Yamai ko Njamena yana neman Faransanci, da ma'aikacin da ke son gyara Ingilishinsa ko Larabcinsa bayan tashi daga ofis.

Ba lallai sai an farfaɗo da tsohuwar manhajar ba, domin ana iya ɗaukar tsarin a ɗora shi kan abin da ke hannu. Malamin Faransanci, alal misali, na iya mai da zauren WhatsApp kasuwa na tsawon awa ɗaya: kowane ɗalibi ya rubuta bayanin rumfarsa da kayan da ke ciki, a ba wasu jerin abin da za su saya da kuɗin da ba zai isa ba sai sun yi ciniki, a hana saƙon murya da hoto, washegari kuma a karanta hirar tare a gyara. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa rubutu a yanzu suna iya taka rawar mai shago ko jami'in kwastan ba tare da gajiya ba, abin da mutum-mutumin MOO bai iya ba sai a jimloli ƙalilan. Sai dai na'ura ba ta da garin da za ta ba da labarinsa, kuma ba ta jiran a rama mata da darasi, alhali wannan bashin na juna yana cikin abin da ke dawo da ɗalibi kan kujerarsa mako bayan mako.

Duk wanda za a karɓi kuɗinsa domin darasin harshe, a aji ne ko a waya, yana da tambayoyi huɗu da gwajin Vassar da Münster ya bar masa. Minti nawa a cikin kowace awa shi da kansa zai samar da magana? Akwai aikin da ba zai kammalu ba sai ya yi amfani da harshen? Akwai mutumin da ya fi shi iya harshen da zai ce masa bai gane ba? Kuma ana adana abin da ya faɗa domin a dawo a gyara? Darasin da ya cika waɗannan sharuɗɗa zai yi amfani ko da a kan allo mai haruffa zalla ne, kamar yadda ya yi wa ɗaliban schMOOze tun 1994.